Sunan da Ba a Sa wa Fure Ba: Saje Vernon Moore, Hamada, da Hanyar Yaƙin da Ta Bi ta Kano

A Kartaj, bayan birnin Tunis, akwai maƙabartar sojojin Amurka da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu. Kaburbura 2,841 ne a cikinta, jere reras. A gefe guda kuma akwai doguwar katanga da aka sassaƙa sunaye 3,724 a jikinta, na waɗanda ba a ga gawarsu ba. Ƙa'idar wurin ita ce, duk ranar da aka gano ƙasusuwan ɗayansu, aka kuma tabbatar shi ne, sai a manna ɗan ƙaramin furen tagulla kusa da sunansa.

Cikin sunayen da har yau ba su sami furen nan ba akwai na Saje Vernon L. Moore, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mutumin New Boston a jihar Ohayo. Maharbi ne kuma mataimakin mai rediyo a wani jirgin jefa bama-bamai samfurin B-24. Su tara suka tashi daga Libiya ranar 4 ga Afrilu, 1943. An gano takwas bayan shekara 17. Shi kaɗai hamada ta riƙe.

Labarin Moore ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, hanyar da ta kai rundunarsa fagen fama ta ratsa ƙasar nan, Kano kuwa na cikin manyan zangunanta. Ta biyu, yadda ƙasarsa ta riƙe sunansa fiye da shekara 80 madubi ne da ya kamata mu duba, mu ga yadda muka yi da namu mutanen da wannan yaƙi ya ci.

Hanyar da ta bi ta Kano

Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarki Usman na Biyu. Jirage uku ne na sojojin saman Birtaniya, suka taso daga Masar a ƙarƙashin wani hafsa mai suna Arthur Coningham. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Hartum da Kano. Wannan siririyar hanya ita ce ta zama jijiyar yaƙi bayan shekara huɗu.

A watan Yunin 1940 Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, Faransa kuma ta faɗi. Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Birtaniya, zagayowa ta ƙurewar kudancin Afirka kuwa na cin makonni. Sai aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi, a ƙasar da yanzu ake kira Gana, a harhaɗa su a can, su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Injamena ta yau, Aljanaina, Alfashir, Hartum, har Masar. Tafiya ce ta kusan kilomita 6,000. Abin da ya sa ta yiwu shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agustan 1940, yayin da Nijar, maƙwabciyar Kano ta arewa, ta tsaya a hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus. Ayarin farko ya bar Takoradi a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage sama da 5,000 sun bi wannan hanya. Wanda ya karɓi da yawansu a matsayin kwamandan sojojin saman hamada daga 1941 shi ne Coningham ɗin nan da ya fara kawo jirgi Kano. Shi ma ƙarshensa ɓacewa ce: jirgin fasinjan da ya hau ya ɓata a Tekun Atilantika a watan Janairun 1948, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Amurkawa sun shigo hanyar tun kafin ƙasarsu ta shiga yaƙin. A 1941 aka damƙa wa reshen Afirka na kamfanin Pan American aikin gyara filaye da jigila, sannan sojojin saman Amurka suka karɓe shi a ƙarshen 1942. Manyan jiragensu ba sa buƙatar akwati: su taso daga Fulorida, su bi ta Burazil, su tsallake teku zuwa Akara, sannan su miƙe gabas. Kano ta dace da zama zango domin tana da layin dogo tun 1911, abin da ya sauƙaƙa kawo mai da kayan aiki. Jirgin da ya taso daga gaɓar teku ta kudu yake shigo wa birnin, saboda haka manoman ƙauyukan kudancin Kano, a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, sun sha ɗaga kai daga kan kunya su ga yaƙin duniya yana wucewa ta samansu.

A tsakiyar 1942 wani ayari na jiragen B-24 guda 23, ƙarƙashin Kanar Harry Halverson, ya ratsa Afirka ta wannan hanya da nufin zuwa Sin ya kai wa Japan hari. A Hartum aka juya akalarsa zuwa Masar. Daga wannan ayari aka kafa Runduna ta 376 a watan Oktoban 1942. Ita ce rundunar da Moore da abokansa suka iske a filin Suluk, kudu da Bingazi, a watan Maris na 1943.

Daren 4 ga Afrilu

Jirgin da aka ba su sabo ne fil, an rubuta masa suna Lady Be Good a goshi. Su ma sababbi ne: wannan ne karonsu na farko na fita farmaki. Laftanar William Hatton ne matuƙi, Robert Toner mataimakinsa, D. P. Hays mai duba hanya, John Woravka mai sakin bam. Sauran su ne Harold Ripslinger injiniya, Robert LaMotte mai rediyo, sai maharba uku: Guy Shelley, Samuel Adams da Moore.

Jirage 25 aka tura su kai hari tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Guguwar rairayi ta taso a lokacin tashi, yashi ya shiga injuna, jirage da dama suka juyo. Na Hatton yana cikin na ƙarshe da suka tashi, ya rabu da ayari, bai kuma sami jefa bam a inda aka nufa ba. Sai ya zubar da bama-bamansa a teku, ya juyo gida shi kaɗai cikin duhu.

Jim kaɗan bayan sha biyun dare Hatton ya kira ƙasa, ya ce na'urarsa ta gano alƙibla ta daina aiki, a faɗa masa inda yake. Tashar Benina ta auna muryar rediyonsa ta ba shi digiri 330. Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, amma a wannan dare amsar ce ta ɓatar da mai tambaya. Eriyar da tashar ke aiki da ita zobe ce guda. Irin wannan eriya tana nuna layin da saƙo ya biyo, amma ba ta bambance ko daga gaba ya zo ko daga baya. Lissafin mai sauƙi ne, ɗalibin Kwalejin Kimiyya ta Dawakin Kudu zai zana shi a allo cikin minti guda: a cire 180 daga 330, saura 150. Digiri 330 na nufin jirgin yana arewa maso yamma, a kan teku, yana dosowa gida. Digiri 150 na nufin yana kudu maso gabas, ya wuce gida yana nausawa cikin hamada. Layi ɗaya ne, ma'ana biyu.

Iska mai ƙarfi da ke bayansu ta sa sun iso gaɓar Libiya da wuri fiye da yadda suka ƙiyasta. An harba harsasan haske daga filin domin jawo hankalinsu, ba su gani ba. Da dare kuma, daga sama, shimfiɗar hamada da shimfiɗar teku kusan kamanninsu ɗaya. Haka suka ci gaba wajen awa biyu suna jiran ganin gaɓar da tuni suka bari a baya. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Wajen ƙarfe biyu mai ya ƙare. Suka ɗaura rigunan hana nitsewa, suka diro da laima, suna tsammanin ruwa za su faɗa. Jirgin ya ci gaba shi kaɗai har kilomita 26, sannan ya zube a kan tsakuwa, kilomita 710 daga Suluk, nisan da ya zarce na Kano zuwa Maiduguri.

Kwana takwas da rabin gora

Laimar Woravka ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu. Sauran takwas suka nemo juna cikin duhu ta hanyar harbin bindiga da harsasan haske. Abin da ke hannunsu na ruwa rabin gora ne.

A nan suka yanke shawarar da ta zama ajalinsu, kuma shawara ce da kowane mai hankali zai yanke da irin sanin da suke da shi. Sun ɗauka teku na kusa, saboda haka suka fuskanci arewa maso yamma. Da kudu suka yi, tafiyar kilomita 26 ce kawai tsakaninsu da jirgin, kusan nisan birnin Kano zuwa Dawakin Kudu. Waɗanda suka iske jirgin bayan shekaru sun tarar da ruwa da abinci a ciki, rediyonsa kuma yana aiki.

Mun san abin da ya biyo baya ne domin Toner yana rubutu a ɗan littafin aljihunsa kowace rana, da 'yan kalmomi kaɗan. Rabon kowane mutum murfin gora ɗaya na ruwa a yini. Rana ta ƙona su, dare ya daskarar da su, iska ta cika musu ido da yashi har wasu suka daina gani. Suna tafe suna barin alama: takalma, rigunan ruwa, da yankunan laima da suka danne da duwatsu cikin siffar kibiya, ko mai nema zai bi sawu. Cikin kwana biyar suka yi wajen kilomita 130, kusan Kano zuwa Daura, a kan ruwan da bai kai na alwala ɗaya ba.

Ranar Juma'a, 9 ga Afrilu, ƙarfin mutum biyar ya ƙare: Hatton, Toner, Hays, LaMotte da Adams. Uku da suka rage da sauran kuzari, Shelley, Ripslinger da Moore, suka ci gaba domin nemo taimako. Gabansu kuwa tekun rairayi ne na Kalanshiyo, tuddai bayan tuddai, inda ƙafa ke nitsewa a kowane taku. Rubutun Toner na ƙarshe na ranar Litinin ne, 12 ga Afrilu. Abin da ya ƙunsa bai wuce cewa taimako bai iso ba, kuma daren ya yi sanyi ƙwarai.

Fatakenmu na da, masu ratsa wannan hamada ta Agadas da Gat da Gadamas zuwa Tarabulus, sun san dokarta: ba a shigarta sai da jagora wanda ya san rijiyoyi, kuma ayari ba ya tashi sai an ƙirga salkunan ruwa. Waɗannan samari an koya musu tuƙa injin da ya fi kowane raƙumi sauri, amma tanadin da aka yi musu na faɗawa teku ne. Masu nemansu ma teku da yankin gaɓa suka fi dubawa, suka gaji suka bari.

Abin da hamada ta mayar

Neman man fetur ne ya tono labarin. A watan Nuwamban 1958 ma'aikatan wani kamfanin mai na Birtaniya suka hango jirgin daga sama, a farkon 1959 kuma wasu masu safiyo suka isa gare shi ta ƙasa. Ya karye biyu, amma busasshiyar iskar hamada ta adana shi kamar jiya ya faɗi. Babu gawa ko ɗaya, babu laima. Sojojin Amurka da ke sansanin Wheelus kusa da Tarabulus suka yi watanni suna bin kibiyoyin nan na laima har sawun ya ɓace a bakin rairayi.

A watan Fabrairun 1960 ma'aikatan mai suka ci karo da mutum biyar a wuri ɗaya, tare da littafin Toner. Wannan ya sa aka sake fita nema da jirage masu saukar ungulu. A watan Mayu aka sami Shelley, sama da kilomita 30 gaba da inda suka bar abokansu, bayan 'yan kwanaki kuma aka sami Ripslinger. A watan Agusta aka sami Woravka kusa da inda suka diro, yana nannaɗe cikin laimarsa. Aka mayar da takwas ɗin gida, aka binne su. Moore ne bai fito ba.

Tarkacen jirgin ya zauna a wurin har 1994, lokacin da hukumomin Libiya suka kwashe shi zuwa Tubruk. Tagar gilashi mai zane da aka yi domin tunawa da su a majami'ar Wheelus tana gidan tarihin sojojin sama da ke Dayton, a jihar Moore ta haihuwa. Farfelar jirgin guda tana kafe a garin Lake Linden, mahaifar LaMotte.

Abin lura a nan shi ne tsarin da ke bayan duk wannan. Moore bai harbo jirgin abokan gaba ba, bai ci wani gari ba. Fitarsa ta farko ita ce ta ƙarshe. Duk da haka akwai takarda mai ɗauke da sunansa, lambarsa, garinsu, rundunarsa, da ranar da aka gan shi na ƙarshe. Amurka tana da hukuma sukutum, wadda aka yi wa sabon fasali a 2015, da aikinta kawai shi ne neman sojojin da suka ɓata, kuma har yanzu tana lissafa sama da 70,000 daga Yaƙin Duniya na Biyu. Tana tono ƙasusuwa, tana gwada su da ƙwayoyin halittar dangi, tana mayar wa iyalai. Ana iya sukar yaƙe-yaƙen Amurka, akwai kuma abin suka da yawa, har da bama-baman da jirage irin na Moore suka zuba wa farar hula a biranen Italiya. Wannan bai hana a koyi darasi daga yadda take riƙe lissafin mutanenta ba.

Namu fa?

A shekarar da Moore ya ɓata, 1943, aka kafa Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura su Bama su yaƙi Japan. Dubun-dubatar 'yan Nijeriya ne a ciki, da yawansu daga Arewa, an ɗebo su ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai, kuma Hausa ce harshen bariki. Sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da yankin Arakan, suka karɓe Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin dakarun Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. A gida kuma, daga 1942 zuwa 1944, an tilasta wa talakawan lardunan Arewa aikin haƙar kuza a tsaunukan Jos bayan Japan ta ƙwace ma'adinan Malaya, sanyi da cuta da ƙarancin abinci suka kashe da yawa. Manoman gyaɗa na ƙasar Kano sun ciyar da masana'antun Birtaniya da mai. Kuɗin da aka tara a ƙasar nan ya sayi jiragen yaƙi, har aka raɗa wa Rukuni na 91 na sojojin saman Birtaniya sunan Nijeriya.

Me ya saura na wannan duka? Sunayen wurare sun saura: barikin Chindit a Zariya, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Myohaung da Arakan da Dodan a Ikko. Mun adana sunayen filayen daga, mun saki sunayen mutanen da suka faɗi a cikinsu. Wasu daga cikin sunayen suna nan, amma a nesa: a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun akwai ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba, ciki har da sojojin Afirka ta Yamma. Jikokinsu a Kura ko Bunkure, masu noman rani da ruwan Tiga a yau, ƙalilan ne za su san cewa sunan kakansu yana rubuce a wata ƙasa. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila da kanta ta amsa, a rahotonta na Afrilun 2021, cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, akasarinsu 'yan Afirka da Gabas ta Tsakiya, ba a tuna da su da suna ba, ko ma ba a tuna da su sam.

Wani zai ce ai al'adarmu dabam ce, kuma yana da gaskiya. Musulmin ƙasar Hausa ba ya gina kabari, ba ya neman a sassaƙa sunansa a dutse. Bayan 'yan damuna ƙasa ta baje, abin da ke bin mamaci addu'a ce da sadaka da jikan da aka mayar wa sunansa. Babu mai neman a sauya wannan. Amma katanga dabam, lissafi dabam. Al'ummar da ta rubuta tarihin sarakunan Kano tun daga Bagauda, take kuma haddace salsalar malamai da asalin gidaje, ba baƙuwar adana suna ba ce. Fiƙihun da muke karantawa a zaure ma ya ware babi ga mafƙudi, mutumin da ya ɓata ba a san rai ko mutuwa ba: a mazhabar Malikiyya matarsa takan kai ƙara, hukuma ta bincika, sannan a ɗibar mata shekara huɗu kafin ta yi takaba. Sharaɗin farko a nan shi ne bincike. Shari'a ta ɗora wa hukuma nauyin nema tun kafin a zo maganar haƙuri.

Batun kuma bai tsufa ba. Ranar 31 ga Maris, 2021, jirgin yaƙin Nijeriya samfurin Alpha Jet ya ɓace a Borno da matuƙa biyu, John Abolarinwa da Ebiakpo Chapele. Sai a watan Maris na 2022 sojoji suka sanar da ganin tarkacensa a dajin Sambisa. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya tana riƙe da sunayen mutum sama da 20,000 da iyalansu ke nema a Nijeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka. Kowace 15 ga Janairu ana ajiye furanni ana sakin tattabaru, amma iyalin da ke jiran labari abin da suke so shi ne takarda mai suna da rana da wuri, da ofishin da ba zai rufe ta ba.

Aikin tattara na baya ba ya buƙatar jiran Abuja. Takardun Lardin Kano na zamanin Turawa suna Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Jerin sunayen Taukkyan yana intanet, kowa na iya dubawa. Akwai Gidan Arewa, akwai Gidan Makama, akwai sashen tarihi na Jami'ar Bayero da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Yaron da aka ɗauka soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika 100 a 2025, saboda haka 'yan Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Amma 'ya'yansu suna nan, kuma a ƙasan adakar wasu gidaje akwai lambar yabo, ko takardar sallama, ko hoton saurayi da hular soja. Gunduma ɗaya, a ce Dawakin Kudu, ta isa a fara da ita: wane ne ya tafi, daga wane ƙauye, wa ya dawo, wa bai dawo ba.

Vernon Moore yana wani wuri a ƙarƙashin rairayin Kalanshiyo, kuma mai yiwuwa can zai tabbata. Amma an bar gurbin fure kusa da sunansa a Kartaj, ko wata rana. Saurayin da ya bar gonar ubansa a kudancin Kano a shekarar nan, ya hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ya faɗi a bakin kogin Kaladan, shi ma yana da suna, kuma uwa ce ta haife shi. Kafin a yi maganar fure, sai an fara rubuta sunan.